Ɗakin Karatun 'Yan Ƙanana: Durƙusa Ki Duba

 

Yau hirar tamu da matan da ke tara yaran unguwa suna koya musu karatu a cikin gida ne, ko a zaure, ko a rumfar tsakar gida, ko a wani ɗakin da babu kowa ciki. Akwai irinku da yawa a Samaru da Sabon Gari da cikin birni. Ke ma da ba ki da makaranta kada ki tashi, don in kina da yaro ɗan shekara 3 zuwa 5, to gidanki ajinsa ne na farko.

Kwanakin baya na ziyarci wata baiwar Allah a Sabon Gari, ba zan faɗi sunanta ba. Tana da ƙoƙari ƙwarai, amma ta ce mini yaranta ba sa zama, daga kuka sai faɗa, har iyaye sun fara janye 'ya'yansu, alhali da ɗan kuɗin makon nan take sayen sabulu da gishiri. Na ce mata, Malama, zo mu durƙusa. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Da muka durƙusa kanmu ya zo daidai tsawon yaro, sai muka ga abin da yaran ke gani: bango baƙi ƙirin, ƙafafun benci, da takalma a tare a bakin ƙofa. Haruffan da ta sayo a kasuwa suna can sama kusa da silin, allon ma sai yaro ya ɗaga kai kamar mai duban wata. Bencin kuwa na manya ne, ƙafafun yara suna reto. Ke kanki a zaunar da ke a kan katanga awa biyu, ai sai kin yi mutsu-mutsu.

Wannan dabara ba tawa ba ce. A shekarar 1907 wata likita 'yar ƙasar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe ɗakin renon 'ya'yan talakawa a wata unguwa a birnin Rum. Cikin abubuwan da ta fara yi har da sawa a ƙera kujeru da tebura daidai jikin yara, a kuma ajiye kayan aiki ƙasa-ƙasa inda hannunsu zai kai. Yau makarantu masu tsada ne ke ɗaukar sunanta, amma asalin abin na marasa hali ne. Mu kuwa ba ma buƙatar kafinta, tabarma da kujera 'yar tsugunno sun wadatar.

To, ki sauko da komai ƙasa. Allo ya zauna daidai ƙirjin yaro. In ba ki da allo, shafa baƙin fenti a ƙasan bango, kamu biyu ko uku, kowa ya samu wurin zane. Haruffan boko da na ajami ki rubuta su manya a bayan kwali, kada ki cika bangon da su, biyar sun isa a mako guda, sai ki canza.

Sannan ki raba ɗakin, ko da ƙarami ne. Tabarma ɗaya ta karatu da tatsuniya. Wani lungun na ƙirga: faifai uku, marafan kwalba, duwatsun carafke, yaro ya ware ja daban fari daban, ya ƙirga. Wani lungun na aikin hannu: yumɓu, kara, ƙyallayen tela, ƙwarya da ludayi a yi ta awon yashi. Kada ki ce wannan wasa ne ana ɓata lokaci. Yatsun da suka saba murza yumɓu su ne za su iya riƙe alƙalami, wanda kuma ya auna yashi ludayi huɗu ya san huɗu tun kafin ya ga lambarta. Masana sun nuna ƙwaƙwalwar yaro kan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta wajen shekara 6, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta sa kula da 'yan ƙanana cikin ilimin tushe.

Amma fa a yi hattara. In akwai 'yan ƙasa da shekara 3, a ɗauke 'ya'yan tsamiya da marafai da duk abin da zai shige baki. Rijiya a rufe ta da murfi mai nauyi. Kananzir a cikin robar lemo, don Allah mata a daina, yaro ba ya tambaya, kafa kai yake. Taga kuma a buɗe, ko da hunturu ne, don ɗakin da ya cika da numfashi nan tari da mura suke zagaye kowa.

Sai abin da ya fi damuna. Malamar nan da na ce muku, akwai wata mai irin aikinta layi biyu tsakaninsu, shekara da shekaru ba su taɓa leƙa ɗakin juna ba. Wai kada a saci dabara, a kwashe mata yara. Haba 'yan'uwa! Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba ta ɓoye abin da ta sani ba. Jajis sukan jagoranci mata daga ƙauyuka su zo wurinta, su karɓi karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su samu fitowa ba. Su ne 'Yan Taru. Ba mota, ba waya.

Na san fita sai da izinin maigida, kuma ba kullum ba. To ga ranar suna, ga biki, ga Islamiyya, ga zumuncin dare. Maimakon hirar anko kaɗai, ki tambayi 'yar'uwarki yadda take yi da yaron da ba ya magana, ko mai cizo. In kuna da waya, ɗauki hoton lungun ƙirgarki ki tura mata ta WhatsApp, ita ma ta turo nata. In kuma akwai ɗaliba mai karatun koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke haya a unguwarku, gayyace ta ta zauna ajinki rana guda. Za ta gaya miki abin da littafi ya ce, ke kuma ki nuna mata yadda ake lallashin yara ashirin da cingam ko ɗaya babu.

Ita dai malamar Sabon Gari ta fitar da benci biyu, ta shimfiɗa tabarmi, ta sauko da allo. Ta aiko mini cewa kukan ya ragu, faɗan ne dai har yanzu, a kan ludayi ɗaya tak da take da shi. Na ce ta ƙaro uku.

Duk wadda ta gwada, ta aiko mana da yadda ta kaya, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.