Makaroni da Cuku, ko Makaroni da Wake? Hira Kan Mahaɗi

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba.

Yau maganar girki za mu yi. Na san wasu za su ce, kai da muka saba ji kana maganar tsaro da katin zaɓe, me ya kai ka madafa? Ku dai biyo ni.

Saƙo ne ya jawo maganar. Wata 'yar'uwa daga Tsafe ta turo, wai ta ga ana yayin wani girki a TikTok, makaroni da cuku, wanda Turawa ke kira mak an ciz. Tana son ta gwada, amma da me ake ci? Shi kaɗai ake zubawa ko akwai mahaɗi? 'Yar'uwa, tambayarki ta fi girkin muhimmanci, kuma a kanta za mu zauna yau.

Ga wanda bai taɓa gani ba: ana dafa makaroni, a haɗa wata farar miya da man shanu da fulawa da madara, a narka cuku a ciki, a juye kan makaronin, wasu su gasa har samansa ya yi ja. Shi ke nan. A Amurka ya fi suna. Cikin waɗanda ake dangantawa da yaɗuwarsa can akwai James Hemings, wani bawa baƙar fata mai dafa wa Thomas Jefferson abinci, wanda ya koyo girki a Faransa. A 1937 kuma, lokacin da talauci ya kama Amurkawa, kamfanin Kraft ya fito da na kwali a kan santi 19, ana tallar cewa zai ciyar da mutum huɗu. Wato abin da muke kallo a waya kamar abincin 'yan gayu, a can abincin rufin asiri ne na mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da bidiyon TikTok ba ya nuna miki shi ne sauran faifan. A gidajen baƙaƙen fatar Amurka, inda girkin nan ya fi daraja, shi kansa mahaɗi ne. Ana ajiye shi gefen soyayyar kaza ko kifi, ga dafaffen ganye, ga wake. Wane wake? Namu. Farin waken nan mai baƙin ido daga Afirka ta Yamma ya tsallaka teku a zamanin cinikin bayi, kuma har gobe Najeriya ce kan gaba a nomansa a duniya, Nijar na biye. To kin ji. Masu girkin da wake da ganye suke cin abinsu, mu da muke noma waken mun koma cin makaroni tsura.

Mu dawo gida. A Gusau yau makaroni da taliya sun shiga kowane gida, kuma ba na ganin laifin kowa. Minti goma ya nuna. Ba surfe, ba niƙa, ba tuƙi, gawayi kaɗan ya isa. Ɗalibin jami'ar tarayya da ke nan Gusau, gwauro mai ɗaki ɗaya a Tudun Wada, matar da ta gudo daga ƙauye da 'ya'ya biyar tana zaune a kangon da ba a gama ginawa ba, duk makaroni ne ke fitar da su kunya. Taliya ma ba baƙuwa ba ce gare mu, iyayenmu sun yi ta murza 'yar Hausa suna shanyawa tun kafin ta leda ta cika kasuwa.

Sai dai alkamar da ake yin ta ledar, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, da dala. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashin alkama a 2022. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin fetur ya tafi, bayan makonni kaɗan aka saki naira, kuɗin leda ɗaya ya ninka. Magidanci ya duba aljihu, ya ga ba zai iya rage makaronin ba tunda shi ke cika ciki, sai ya rage abin da ke gefe. Kifi ya fara tafiya, ƙwai ya bi shi, daga baya wake. Aka bar mai da yaji da dunƙulen magi.

Makaroni da mai da yaji akwai daɗi, ni ma ina ci, kada wani ya ce na zagi abincinsa. Babba zai ci ya tashi ya nemi wani abu a waje, ko da gyaɗa ce ko tsire. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi fa? Abin da aka zuba masa shi ne duniyarsa, kuma cikinsa ƙarami ne, loma kaɗan ya ƙoshi. Makaroni yawancinsa sitaci ne. Yana da sinadarin gina jiki, kusan giram 12 a cikin giram 100 na busasshe, amma akwai wani ɓangare na sinadarin da ya yi ƙaranci a alkama da sauran hatsi, wanda kuma wake ke da shi da yawa. Shi ya sa shinkafa da wake, ko taliya da wake, ko garau-garau, haɗi ne mai hikima, ko da kakanninmu ba su shiga ajin kimiyya ba.

Kuma wannan ba maganar nishaɗi ba ce a jiharmu. A 2024 ƙungiyar likitocin MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta ce ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Jihar da take kirari da noma ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya na da wani ma'auni mai sauƙi: yaro daga wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla rukuni 5 cikin rukunan abinci 8 a rana. Mu ƙirga tare. Nonon uwa, ɗaya. Makaroni, biyu. Mai da yaji da magi ba sa cikin lissafi. An tsaya a biyu. Zuba wake, uku. Ɗan zogale, huɗu. Fasa ƙwai guda, biyar. Tsakanin biyu da biyar ɗin nan ne maganar mahaɗi take.

To da me za a ci? Na farko a wurina wake ne, kuma ba na jin akwai na biyu da ya kusa da shi. Yana da sinadarin gina jiki kusan ninki biyu na makaroni. Matsalarsa ɗaya, cin wuta, kuma ita ce ke sa mata da yawa su haƙura. A jiƙa shi tun dare, da safe a zubar da ruwan, zai nuna da wuri kuma ya rage kumburin ciki. Idan ya kusa nuna sai a zuba makaronin a tukunya guda, wuta ɗaya ta yi aiki biyu. Kanwa kuma a sassauta mata. Wanda ke da halin sayen leda biyu, ni shawarata ya sayi ɗaya, kuɗin ɗayar ya auno wake. Tukunyar za ta cika daidai, kuma za ta fi riƙe ciki, yara ba za su dawo bayan awa biyu suna kukan yunwa ba. Ga ƙaramin yaro a murƙushe waken da cokali, a rage yaji, a sa manja maimakon farin mai tunda shi yana da bitamin A.

Sai maganar cukun kansa, wanda shi ne ya ruɗi 'yar'uwarmu. Irin na bidiyo, mai narkewa yana jan zare, sai a manyan kantuna, da tsada, kuma yana son firij. Ku da kanku kun san yadda muke da wutar lantarki. Tsadarsa ba mugunta ba ce kawai: kilo ɗaya na cuku mai tauri yana cin madara kusan lita 10. Mu ma muna da namu. Akwai cukun Buzaye da Fulanin Nijar, busasshe mai faɗi kamar faifai, akwai wara da Fulani ke daskarar da madara da ruwan tumfafiya. Amma mu faɗi gaskiya, a ƙasar da aka kwashe shekaru ana kore shanu, rugage sun watse, nonon fura ma wani lokaci da madarar gari ake haɗa shi, ina aka ga rarar da za a yi cuku? Duk wanda ya taso a Bungudu ko Kwatarkwashi ya san yadda ƙoren nono ke shigowa gari da safe a da, ya kuma san yadda suka ragu.

Abin da ya rage mana a hannu shi ne awara. Ba cuku ba ce, ba ta narkewa, ɗanɗanonta daban, kada in yaudare ku. Amma yadda ake yin ta kusan ɗaya ne: a tatsi madarar waken suya, a tafasa, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a matse. Waken suya kuma ya fi wake sinadarin gina jiki, wajen giram 36 a cikin 100, ga shi ana nomansa a nan jiharmu, ga masu suyar awara a kowane lungu da yamma. Mun mayar da ita abin kwaɗayi na bakin titi, a barbaɗa yaji a ci a tsaye, alhali in an shigo da ita tukunya ta tsaya a madadin nama. A yanka ƙanana a zuba a miyar tumatir da albasa, ko a marmasa ɗanyarta a soya da attaruhu da ƙwai ɗaya, a juye kan makaroni.

Idan kuma farar miyar nan kike so, 'yar'uwa, ga yadda za ki yi ba tare da cukun kanti ba. Man shanu cokali biyu a wuta kaɗan, fulawa cokali biyu, ki juya har ƙamshin ɗanyen gari ya fita. Ki dama madarar gari kofi biyu, ki riƙa zubawa a hankali kina juyawa kada ta yi gudaji. Gishiri kaɗan, masoro, tafarnuwa. Ta yi kauri ki zuba dafaffen makaroni da marmasasshiyar awara. In kin samu cuku ki goga a kai, in babu ba a fasa ba. Abin yana da maiƙo da nauyi, saboda haka yana son abu mai tsami da ganye a gefe, kuma a nan kwaɗon zogale ya fi duk wani salak da za ki gani a waya. Zogale, ƙuli-ƙuli, tumatir, albasa, a matse lemon tsami. Lemon ba don daɗi kaɗai ba ne, yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye da wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, a ɗan jinkirta shi bayan cin abinci. Rama da tafasa ma sun yi, duk wanda ya samu.

In baƙi za ki yi, kaza ko kifi gasasshe, tunda makaronin ya riga ya sha mai. Busasshen kifi ko 'yan ƙananan nan da ake dakawa har ƙaya sun wadatar a ranar da babu baƙo. Kabeji da karas a cika su da bama har su nutse, wannan kam ban san wa ya koya mana ba. Magi kuma dunƙule shida a tukunya ɗaya ya yi yawa, gishirin da aka ce babba ya tsaya a kai bai kai giram 5 a rana ba, wajen ƙaramin cokali guda, kuma magin ma gishiri ne. Daddawa na nan.

Yanzu ga 'yan'uwana matasa masu ƙungiyoyi, mu da ke tara kuɗi mu dafa abincin sadaka, musamman da azumi. Sau da yawa katan-katan na makaroni ake saye, a yi dafa-duka ja wur, a zuba a roba, a ɗauki hoto. Allah ya ba da lada. Amma waɗanda ke karɓa, yawancinsu mata ne masu shayarwa da ƙananan yara da suka baro gonakinsu a ƙauyukan Tsafe da Bungudu, kuma wataƙila wannan robar ce abincinsu na ranar. In kuɗin katan goma ne, a sayi bakwai, sauran a sayi wake da zogale. Adadin robobin ba zai ragu ba. Masu ba da gudummawa ma ku riƙa tambaya, me aka sa a ciki?

Waken kuma a saye shi da kaka, lokacin da yake da sauƙi. Kada a zuba masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari don ajiya, guba ce ake ci. Jarka mai murfi da aka cika aka toshe, ko buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, suna kashe ƙwarin da rashin iska, ba magani ko ɗigo.

Na san mai sauraro a Tsafe zai ce, waken ma ai ya yi tsada. Gaskiya ne, kuma mun san dalili. Manomin da sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, a kan tiya zai fanshe. Wanda bai iya biya ba ya bar gonar ya dawo gari yana sayen makaroni. Mun ga yadda abinci ya yi a Satumbar 2021 da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya. Shi ya sa idan masu neman ƙuri'a suka zo da ledar taliya a hannu, tambayar da zan so mu yi musu ita ce yaushe za a koma gona.

Ga aikin wannan makon. Duk wanda ya je kasuwa, a Gusau ko Tsafe ko Bungudu, ya turo mana kuɗin ledar makaroni ɗaya, da kuɗin tiyar wake, da na waken suya, da sunan kasuwar da ranar. Za mu jera su a shiri na gaba mu ga inda ya fi sauƙi, don masu dafa abincin sadaka su san inda za su dosa. 'Yar'uwa ta Tsafe, in kin gwada ki ba mu labari.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.