Waƙa a Bakin 'Ya'yan Shehu

  

Idan aka ce waƙa a gidan sarauta, abin da yake fara zuwa ranki shi ne tambari da algaita da guɗar zabiya. To akwai wata waƙar da ba ta da kiɗa, wato rubutacciyar waƙa, wadda 'ya'yan gidan da kansu suke tsarawa su kuma rera.

Dubi gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita da yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har musayar baitoci sukan yi. Ita ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa, ƙaninta Isa kuma ya fassara wasu nata daga Fulatanci. Me ya sa suka sha wannan wahala? Don sun san yawancin jama'a ba sa karatu, amma kowa yana da kunne.

Shi ya sa Nana ta kafa 'yan taru. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa. Jaji ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wajenta, su saurari waƙa baiti-baiti har su haddace, sannan su koma gida su koya wa na baya.

Mu Kanawa ma muna da rabo a ciki. Ƙanwarta Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Daga baya ta koma Sakkwato, kuma ita ta ci gaba da riƙe 'yan taru bayan rasuwar Nana.

To 'yar uwa, ga inda zancen ya shafe ki. Wataƙila ba a sa ki makaranta ba, amma 'yarki tana zuwa. In an yi sallar isha'i an shimfiɗa tabarma, ki ce ta ɗauko littafin waƙoƙin Hausa, na boko ko na ajami, ta rera miki baiti biyu ko uku. Ke ki amsa. In ta yi tuntuɓe kada a yi mata dariya, a bar ta ta maimaita. Ita bakinta zai saki da karatu, ke kuma ki samu abin rerawa wajen sussuka.

Kakanninmu da ka suka riƙe waƙoƙi, kuma duk tsohuwar da ta rasu ba a karɓa daga bakinta ba, ta tafi da nata. In akwai irinta a gidanku, ku zauna da ita tun yau.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.