BAYAN BAK, INA AKA DOSA?

Jawabi ga ɗaliban da suka ci bak da iyayensu

Iyaye, malamai, ƴan kasuwa da ma'aikata, da ku ƴaƴanmu da kuka ci bak, barkanku da arziki.

Da yawa cikinku har yanzu ba su tsai da reshen da za su bi a jami'a ba. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne yaro ya rubuta sunansa inda abokinsa ya rubuta, ya share shekara biyu yana faɗuwa, sannan ya dawo gida hannu rabbana.

Iyaye, zamanin da kuka sani ya wuce. A da, wanda ya samu diplom yana da tabbacin biro da albashi. Tun lokacin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980, da karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, gwamnati ta daina ɗaukar kowa da kowa. Yanzu sai ta hanyar konkur, masu nema kuma sun fi guraben yawa. Saboda haka ɗalibi ya auna zaɓinsa da ma'auni uku.

Na farko, ƙarfin kansa. Ya buɗe takardun sakamakonsa na shekaru uku na lise, ya dubi darasin da bai taɓa ba shi wahala ba. Mai seri A hanyarsa ta fi miƙewa wajen shari'a, harsuna, tarihi da aikin jarida. Mai seri C ko D yana da ƙofar likitanci, noma, lissafi da injiniyanci. Wanda lissafi ke sa wa ciwon kai, kada ya shiga tattalin arziki don ya ji ana ambaton kuɗi.

Na biyu, ƙarfin gida. Lisans shekara 3 ce, mastar ta ƙara 2, likitanci kuwa ba ya kasa shekara 7. A zauna da uwa da uba a yi lissafin ci da sha da wurin kwana tun kafin a tashi. An samu sauƙi a nan: da can Yamai kaɗai ake zuwa, amma a 2010 an kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma na Agadas, Doso, Difa da Tilaberi. Ɗan Maraɗi yana iya karatun noma ko likitanci kusa da gidansu, ɗan Tawa kuma shari'a da sarrafa dukiya.

Na uku, inda aiki yake. Ƙasarmu ta manoma da makiyaya ce. Albasar Galmi tana buƙatar wanda ya san ajiya da fatauci, dabbobinmu suna buƙatar likitocinsu. Matatar man fetur ta Damagaram ta soma aiki a 2011, makarantar EMIG ta Yamai kuma tana horar da masu aikin ma'adinai da masana'antu. Amma ku tuna kamfanin COMINAK na Arlit ya rufe a 2021. Ku nemi ilimin da zai bi ku ko ina, ko ma'aikata ta rufe.

Wanda ya auna duk wannan bai gamsu ba, gani ya kori ji. Ya yi mako guda a asibiti, ko kotu, ko gonar rani, ko kantin ɗan kasuwa, ya tambayi masu aikin daɗinsa da wuyarsa. Matambayi ba ya ɓata.

Ku ƴan kasuwa, kada ku ce boko ɓata lokaci ne: ɗan da ya karanci lissafin kuɗi da dokokin duwan shi zai tsare dukiyarku. Ku ma'aikata, kada ku tilasta wa yaro gadon kujerarku. Ƴaƴa mata kuma a ba su zaɓi daidai da maza, domin asibitocinmu da makarantunmu suna jiran su.

Abdu Mumuni, wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, haifaffen Tasawa ne. Ya dubi ranar da ke ƙona mu, ya ba da rayuwarsa ga binciken amfani da haskenta. Ku ma ku dubi abin da ƙasarku ke buƙata, ku haɗa shi da abin da kuka iya.

Allah ya yi muku jagora.