An Ƙara Faifai, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Mutum ne zai ƙara wa kwamfutarsa faifan ajiya na biyu, ya kunna, ta ƙi tashi. Nan da nan wani zai ce masa a goge komai a sake zuba Windows. Don Allah kada ku yarda da wannan gaggawar, domin hotuna da takardun shekaru ne za su salwanta a banza.

Galibi babu abin da ya lalace. Kwamfuta tana da jerin da take bi wajen neman faifan da za ta tashi da shi, sai sabon, wanda babu komai a cikinsa, ya shige gaban tsohon. Da kun kunna ta, ku danna F2 ko Del, gwargwadon ƙirarta, ku shiga BIOS, inda ake saita wannan jerin, ku mayar da tsohon faifan sahun farko, ku adana.

In ta ci gaba da gardama, ku zare ta daga wuta, ku cire sabon faifan, ku sake gwadawa. Ku kuma danna wayoyin tsohon su zauna daram, ta SATA mai ɗaukar bayanai da ta wuta, don sau da yawa hannu ne ya sassauta su garin aiki.