Gadon Ƙasa da Ɗumin Daɓe: Abin Lura ga Mai Gyaran Gida



Wanda ya san ƙasar Gobir da zafin bazara kaɗai zai yi mamakin jin lacca a kan ɗumama ɗaki. Amma mutumin Unguwar Lalle, ko na Sabon Birni da Isa, ya san yadda ɗari yake ratsa ƙashi da asuba a watannin Disamba da Janairu. Maginan dā sun yi wa wannan tanadi. Sukan gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashinsa, a zuba garwashi a ciki da almuru, yumɓu ya sha zafin, ya yi ta sakinsa sannu a hankali har gari ya waye. Hayaƙi kuwa jinka ce take fitar da shi.

Wannan dabara ba ta Hausawa ce kaɗai ba. Rumawa sun ɗora daɓen gidajen wankansu a kan gajerun ginshiƙai, iska mai zafi tana bi ta ƙarƙashi. Mutanen Koriya ma haka, kuma dukansu sun yi wa hayaƙin hanya zuwa waje. Yau a Ingila, inda tsofaffin gidaje da yawa suke da daɓen katako wanda bai taɓa ƙasa ba, bututun ruwan ɗumi ake shimfiɗawa. To, a nan ne aikin yake. Zafi ba ya zaɓen hanya, duk inda sanyi yake can ya nufa. In ba a cusa abin tare zafi tsakanin katakan da suke ɗauke da daɓen ba, watau audugar gilashi ko allon soso mai tauri, a matse shi ba tare da kafa ba, mai gida zai biya kuɗin ɗumama ramin da babu mai kwana a cikinsa. Kuma ba a toshe kafofin iska na ƙarƙashi, gama laima za ta taru, katako ya ruɓe. Manomin Gobir bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan: saboda laima da gara ne yake ɗora rumbunsa a kan duwatsu, iska tana wucewa ta ƙasa.

Abin takaici shi ne irin gyaran da ake yi yanzu. Ma'aikaci ya sami hali, ya rushe gadon tsohuwarsa, ya fasa daɓen makuba ya malala siminti, ya sauke jinka ya buga kwano. Kwano ba ya riƙe ɗumi da dare. Sanyi ya matsa, sai tsohuwa ta shigo da kaskon garwashi, ta rufe ƙofa da taga. Gawayi kuwa yana fitar da wata iska mai guba, marar launi, marar wari, wadda take kashe mutum yana barci. Jinka tana numfashi, ɗakin siminti da aka rufe ruf ba ya yi.

Saboda haka birkilan da aka ba irin wannan aiki ya sa silin a ƙarƙashin kwano, ya bar kafar iska a saman bango wadda ba ta da murfi, gadon ƙasa kuwa, in yana nan, ya huda masa mafitar hayaƙi ta bayan ɗaki.