Taya Shida ko Sarƙa? Yadda Za Ka Zaɓi Samfurin Motar Yaƙin Najeriya Ba Tare da Ka Yi Asarar Kuɗinka Ba

 Daga nan Tudun Wada, Gusau nake magana, kuma idan kun ji ƙarar janareto a bayana ku yi haƙuri, kun san halin da ake ciki.

Yau zan fara da ba ku labarin kunyar da na sha ne, don daga ita shirin nan ya fito.

Waɗanda suka daɗe suna bin mu sun san akwai yaran da muke zama da su duk Asabar. Wasu 'yan unguwa ne, wasu kuma iyayensu sun gudo da su daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu. Abin ya samo asali ne a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara. Ba kira, ba intanet, sai muka koma aikin hannu irin na da: motar kara, motar gwangwani, taya da tsohon silifa. Abin da na lura da shi shi ne, mu a lokacinmu tirela da bas muke ƙerawa. Su waɗannan yaran, kusan kowa motar sojoji yake yi, da bindiga a samanta. Abin da suke gani ke nan yana wucewa a hanyar Gusau zuwa Tsafe. Da farko abin ya dame ni ƙwarai. Daga baya na ce to, tunda ita suke so, bari mu mayar da ita darasi: awo, lissafi, da tarihin ƙasarsu.

Sai na tara ɗan kuɗi, na yi odar abin da ake kira kit. Ga wanda bai san shi ba, kwali ne ɗauke da ƙananan sassan roba, da takardar da ke nuna yadda za ka haɗa su da gam, ka yi fenti, ka samu ƙaramin samfurin mota ko jirgi daidai da siffar na gaske. Mai sayarwa ya rubuta cewa tankar sojan Najeriya ce. Na ce shi ke nan, na samu motar yaƙin basasa. Mako uku muna haɗawa. Da muka gama na ɗauke ta da alfahari na kai wa wani dattijo a layinmu, wanda duk muke kira Baba Soja, don ya yi yaƙin basasa yana saurayi.

Ya karɓa, ya juya ta, ya duba ƙasanta, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Ɗana, wagga ba ita ta ba. Tamu taya gare ta, guda shida. Ina kaɗ ɗauko mai sarƙa?"

A gaban yara fa! Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Kuma gaskiyarsa. Abin da na saya T-55 ce, ƙirar Tarayyar Sobiyat. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba, Najeriya ta mallaki T-55, amma bayan yaƙin ta zo. Haka ma Vickers Mk 3 ta Ingila, ita ma sai a shekarun 1980. Laifina ne, na tambayi ƙasa ban tambayi shekara ba. Don haka kafin ka kalli farashi ko kyawun hoton kwali, ka fara da wannan: wane yaƙi, wace shekara? An fara yaƙin basasa a ranar 6 ga Yuli 1967, aka gama a ranar 15 ga Janairu 1970, kuma a tsawon lokacin nan ƙarfin sulken sojan tarayya a kan motoci masu taya yake.

Bari mu ɗan tsaya a kansu, don nan ne daɗin yake.

Akwai Ferret, ƙirar kamfanin Daimler na Ingila. 'Yar ƙarama ce, taya huɗu, tsawonta bai kai mita 4 ba, aikinta leƙen hanya da sintiri. A nan ma akwai tarko: Ferret iri-iri ce. Mk 1 samanta a buɗe yake, Mk 2 kuma tana da ɗan ƙoƙon ƙarfe mai juyawa da bindiga mai sarrafa kanta. Idan hoton da kake kwaikwaya mai ƙoƙo ne ka sayo marar ƙoƙo, ka sayi Ferret amma ba ka sayi motar hotonka ba. Kuma tana da alaƙa da arewa fiye da yadda kuke zato. Rundunar sintiri ta Kaduna da ke amfani da irin motocin nan, Hassan Usman Katsina ne ke jagorantarta a Janairun 1966, kafin ya zama gwamnan soja na Arewa. Ibrahim Babangida ma ta nan ya faro aikinsa yana ƙaramin hafsa.

Sai Saladin, wadda Baba Soja ke nufi. Kamfanin Alvis ne ya ƙera ta a Coventry, taya shida, igwa mai faɗin baki milimita 76, mutum uku a ciki. Tana da 'yar'uwa mai suna Saracen, ita ma taya shida, gindinsu kusan ɗaya, amma Saracen ta ɗaukar sojoji ce, jikinta kamar akwati, ba ta da babbar igwa. A ƙaramin hoto a waya mutane na rikita su sosai. Dubi samanta kawai: doguwar igwa, Saladin, dogon jiki mai ƙofa a baya, Saracen.

Akwai kuma Panhard AML ta Faransa, taya huɗu, wadda ke zuwa ko dai da igwa mai milimita 90 ko da turmin harbi mai milimita 60. Lambar da ke jikin sunan ita ke gaya maka wacce ce.

A ɗaya ɓangaren kuwa, 'yan Biyafara ba su da hanyar sayo irin waɗannan da yawa, sai suka riƙa yi wa tsofaffin motoci walda da faranti na ƙarfe, suna kiran su Red Devil. Har yau akwai su a gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia, jihar Abiya. Da na nuna wa yaranmu hotonsu, wani ya ce, "Yaya, ai waɗannan ma motar gwangwani ce babba." Na yi dariya, amma ban musa ba.

To yanzu ma'auni. A jikin kowane kwalin kirki za ka ga lamba kamar 1/35 ko 1/72. Ma'anarta, an raba girman motar gaske gida 35 ko gida 72. Saladin tsawonta kusan mita 5 ne, don haka a 1/35 za ta fito wajen santimita 14. Ferret kuma tsakanin 10 da 11. Mutum mai tsawon santimita 175 zai koma santimita 5 cif. Wannan lissafin shi ne makaminka. Nemi tsawon motar gaske, raba da lambar kwali, kwatanta da tsawon da mai sayarwa ya rubuta. In sun yi hannun riga, ko kuma kwalin ba shi da lambar ma'auni gaba ɗaya, to abin wasan yara ne, ba samfuri ba. Ba laifi ba ne a sayi abin wasa, amma kar a saye shi da kuɗin samfuri.

Wani ɗan labari a gefe: kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa 1/35, kuma ba wani dogon nazari ya kawo lambar ba. A farkon shekarun 1960 sun yi tankar Jamus mai suna Panther mai tafiya da batir, suka yi ta daidai girman da batir zai shiga cikinta, da aka auna sai ta faɗo a 1/35. Yau kusan duk duniya a kansa ake.

Ni shawarata ga mai farawa 1/35 ɗin ce. Na san 1/72 ya fi araha kuma bai cin wuri, amma sassansa kamar ƙwayar gero suke, ɗaya ya faɗi a tabarma sai dai ka yi masa addu'a. Kuma ku kula, tsofaffin motocin yaƙi na Airfix da yawa 1/76 ne, ba 1/72 ba. Bambancin kaɗan ne, amma in ka jera su ido zai gani.

Wa ke yin na Najeriya? A nan sai an yi haƙuri. Kasuwar nan motocin Jamus, Amurka da Rasha na yaƙin duniya na biyu ne suka cika ta. Za ka ga Tiger kala-kala kafin ka ga Ferret ɗaya. Dabarar ita ce kar ka nemi sunan ƙasa, nemi sunan mota. Airfix sun fitar da Ferret Mk 2 a 1/35 a 2023. Takom suna da AML-90 da AML-60. Saladin akwai ta a jerin Black Label na kamfanin Dragon. In zamanin bayan yaƙi kake so, AFV Club suna da Scorpion, Tamiya suna da T-55A. Kowanne ka zaɓa, kafin ka biya ka nemi hoton sassan da ke cikin kwalin da hoton wanda wani ya riga ya haɗa. Zanen kan kwali aikin mai zane ne, kullum kyakkyawa ne. Ka kuma duba shekarar da aka fara yin kit ɗin, don wasu tsofaffin ƙira ne aka sake wa kwali, kuma na da ɗin da aka yi don tafiya da batir sukan karkata siffar mota don injin ya samu wuri. Sannan ka tambayi kuɗin kawowa tun farko. Ni sai da na biya na gane cewa kawowar na iya yin kafaɗa da kuɗin kayan.

Sai sitika da fenti. Sitikar da ke cikin kwali yawanci ta rundunar wata ƙasa ce. Kar ka manna tambarin sojan Ingila a mota ka ce ta Najeriya ce. In ba ka da hoton da ya nuna lambar motar sarai, bar wurin haka nan, ya fi ka ƙirƙiro. Hotunan yaƙin da yawa baƙi da fari ne, shi ya sa na koma wurin Baba Soja. Ya ce tasu kore ce mai duhu, amma kwana biyu a daji jar ƙasa da taɓo sun rufe ta, har ba ka gane fentin. Muka daka busasshiyar jar ƙasa, muka tankaɗe, muka shafa da buroshi a tayoyi da gefe. Kayan aikin duk na gida ne: abin yanke farce don cire sassa, reza, sanfefa mai laushi. Gam ɗin ne kawai sai na roba na musamman, kuma a buɗe taga in ana amfani da shi.

Na san tambayar da ke zuwa: motocin yanzu fa? Misali Ezugwu, wadda DICON ta ƙera a Kaduna, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ita a Disambar 2019. Ni dai ban ga kit ɗinta ba, don haka da kwali da gwangwani muke yin ta. Muna ɗaukar hoton gefe daga jarida, mu auna faɗin taya da rula, mu ga taya nawa ne tsawon motar, taya nawa ne tsayinta, sai mu mayar a kan kwali. Yaron da ke gudun lissafi a makaranta, a nan da kansa yake roƙon a ba shi rula.

Amma don Allah ku saurare ni da kyau a nan. Kar wanda ya je shingen bincike ko kusa da bariki ya ɗaga waya yana ɗaukar motar sojoji wai yana neman hoton samfuri. A yanayin da Zamfara take ciki, kafin ka gama bayani ka kwana inda ba ka so, kuma ba wanda zai ga laifin sojan. Hotunan da jaridu suka riga suka wallafa sun ishe mu. Mu ma ƙa'idarmu ke nan da yara.

Akwai abin da ban yi tsammani ba. Ranar da muka kai wa Baba Soja Ferret ɗin da muka haɗa daga baya, bai yi maganar harbi ba ko sau ɗaya. Zafin cikinta ya ba mu labari, da yadda suke bin bayan mota a ƙasa, da wani abokinsa ɗan Ƙaura Namoda da bai dawo ba. Wata yarinya daga cikin waɗanda suka zo daga Tsafe, wadda ba ta cika magana ba, ta tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce, "Kullum, jikata." Daga nan ita ma ta fara ba shi nata labarin, na daren da suka baro gida. Mu dai muka yi shiru.

Saladin ɗinmu tana hanya, in Allah ya kawo ta lafiya. Baba ya ce shi zai ƙirga tayoyin da kansa kafin a buɗe gam. T-55 ɗin kuwa tana nan a kan kanta, mun rubuta mata takarda a gaba cewa bayan yaƙi ta zo.

Wanda yake da kaka ko maƙwabci da ya yi yaƙin nan, musamman wanda ya zauna cikin irin motocin, ya taimaka ya tambaye shi launin fenti da abin da aka rubuta a jikinsu, ya turo mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.