Ayarin Neman Masu Kwana a Titi

Laccar da aka gabatar a unguwar Kpébié, Parakou



An nemi in yi magana kan shawarar da matasa ke kawowa, cewa a ɗauki mota a ratsa ƙasa domin a jawo hankalin jama'a ga waɗanda ba su da wurin kwana. Irin wannan tafiya tana da tasiri. A 2022 wani ɗan Najeriya, Kunle Adeyanju, ya hau babur daga Landan har Legas domin yaƙi da shan inna, gidajen rediyo suka yi ta bin labarinsa. Sai dai shan inna rigakafi ne ke hana ta, mai kwana a titi kuwa ɗaki yake buƙata, kuma hoton Facebook ba ya tare ruwan sama.

Mu a nan muna da abin koyi. A ƙarni na 19 fataken Kano da ke zuwa Gwanja sayen goro ta Borgu suke bi, su yada zango a Nikki da Parakou da Djougou kafin su isa Salaga. Madugu ba ya tashi sai ya san inda ayarinsa zai kwana. A kowane gari akwai mai masauki, shi ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Zongon Parakou da unguwar Wangara ta Djougou a kan wannan tsari suka ginu. Jirgin ƙasa ya iso Parakou daga Kwatano a 1936, manyan motoci suka karɓi hanyar Malanville da Gaya, baƙi suka ninka, zaurukan saukarsu kuwa suka yi ta raguwa.

Su wa ke kwana a waje yau? Akwai almajirin da malaminsa ya kasa ciyarwa, da yarinyar da aka kai aikatau ta gudo, da mai taɓin hankalin da dangi suka gaji da shi. Akwai wanda ruwa ya ci gidansa: ambaliyar 2010 ta shafi mutum kimanin 680,000 a Benin, Malanville da Karimama na cikin inda abin ya fi muni. Bayan rufe iyakar Nijar a 2023, direbobi da yaran mota sun yi ta kwana ƙarƙashin tirela. Kowane ɗayansu maganinsa daban.

Hanyar da hukumomi suka fi sabawa ita ce kwashewa. A 2020 gwamnonin arewacin Najeriya sun mayar da almajirai jihohinsu, a 2022 kuma aka kwaso mabaratan Nijar daga Dakar a jirgin sama. Amma wanda aka mayar gida ya tarar da yunwar da ta kore shi, gobe ma zai fito.

Don haka shawarata uku ce. Ayari ya tashi daga Malanville, ya bi Kandi da Parakou zuwa Djougou, ya riƙa shiga tasha da kasuwa bayan isha'i, lokacin da gani ke korar ji. A rubuta adadi da dalili, ban da ɗaukar hoton fuskar kowa, domin talauci bai cire wa mutum mutunci ba. Sannan kada a bar gari sai liman da fasto da mai unguwa da magajin gari sun ambaci ɗaki ko zaure da sunan wanda zai kula da shi.

Ranar 10 ga Oktoba ce ranar marasa matsuguni ta duniya. Mu sa ta zama ranar da ayarin zai koma ya duba alkawuran da aka ɗauka. Kpébié ta fara ba da nata zauren kafin mota ta tashi.

Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya.